Garken da Ba Shi da Maraƙi Ko Ɗaya

Tun da na dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. A coci ana tambayata, a sashenmu ana tambayata, har mai keken da ke ɗaukata daga Samaru zuwa Kwangila ya ce, "Anti Rifkatu, yaya ƙasar waje?" Wasu da zuciya ɗaya suke tambaya. Wasu kuwa sun riga sun ji an ce korata aka yi, so suke su ji daga bakina. Idan ina magana da baki nakan rikice, in ba da haƙuri inda ban yi laifi ba, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya. Ba a kore ni ba. Ƙin sa hannu na yi a wata takarda, kuma ko gobe aka sake kawo ta ba zan sa ba.

Bari in fara da aikin, don yawancin masu tambaya ba su san shi ba. Akwai wata kyamara da ake ɗaurewa a jikin itace a cikin daji, mu kan ce mata kyamarar tarko. Duk abin da ya gitta ta gabanta da ɗumin jiki, sai ta ɗauke shi hoto. A wata guda takan tara hotunan da mutum ba zai iya dubawa shi kaɗai ba. Don haka ake koya wa kwamfuta. A nuna mata dubban hotuna, kowanne da sunan dabbar da ke ciki, har ta fara ganewa da kanta: wannan gada ce, wannan mugun dawa ne, wannan ciyawa ce kawai iska ta kaɗa. A kan wannan na yi digirina na biyu. Da wata ƙungiya mai kula da wani gandun daji kudu da Garwa ta nemi ɗalibai shida daga ƙasashe daban-daban su je su duba abin da injinsu ya rubuta, sai malamina, Dakta Bulus, ya ba da sunana. Mako uku ne, kuma a ƙarshe za a riƙe mutum biyu a ɗauki nauyin digirinsu na uku. Shekara biyu ina neman irin wannan ƙofa.

Mama ta raka ni tasha a Sabon Gari da asuba, da ƙullin dambun nama da kwalbar man shafawa wanda fastonmu ya yi wa addu'a. Ta kama hannun direba ta ce, "Ɗana, wannan ba ta iya faɗa ba. In an taka ta ma ita ce za ta ce a yi haƙuri. Ka sa mata ido." Direba ya ce, "Mama, ni hanya zan sa wa ido, ita Allah ya sa mata." Duk motar aka yi dariya, ni kuma na sunkuyar da kai, don gaskiya ta faɗa.

Ta Fambeguwa muka bi, Saminaka, Jos, Bauci, Gombe. Ina rungume da jakar kwamfuta a cinya kamar mai jego, don na ƙi yarda a sa ta a but ɗin motar. Wata Hajiya mai fataucin atamfa da ke kusa da ni ta tambaye ni aikina, na yi mata bayani a hankali, na kuma ƙara da cewa wataƙila ban faɗa daidai ba. Ta ce, "Wato ke kin yi karatu har digiri biyu don ki koya wa inji ya gane biri? Jikata mai shekara uku ta san biri." Na ce jikarta ba za ta iya kallon hoto dubu ɗari ba. Ta ce, "Ba ki san ta da waya ba." Bayan Kaltungo taya ta fashe, muka sauka muka zauna a gindin wata tsamiya, ta cinye rabin dambun Mama, ta kuma ce gishiri ya yi kaɗan.

Na kwana a Jimeta wajen wata 'yar'uwar Mama, washegari na kama hanyar iyaka. Mota ta kai mu wani wuri, babur ya karɓa, sannan kwalekwale. Ban iya iyo ba. Na tambayi mai kwalekwalen ko ruwan yana da zurfi, ya ce, "Ga mai tsawo ba shi da zurfi." Ni ba doguwa ba ce.

A ƙetare, jami'in da ya duba fasfo da katin rigakafina ya buɗe jakata ya ga kyamarar tarko guda da na tafi da ita, mai launin kakin soja. Fuskarsa ta canza. Hausarsa tana gauraye da Fulatanci da Faransanci, amma na gane tambayarsa: wa nake yi wa leƙen asiri? Na fito da takardar gayyata, na fito da ta jami'a, har da ta baftisma, ban san abin da ya sa na tafi da ita ba. Da na ga takardu ba su gamsar da shi ba, sai na kunna kwamfuta na nuna masa yadda abin yake aiki. Na ɗauke shi hoto, injin ya zagaye shi da layi ya rubuta mutum. Abokin aikinsa ya leƙo ya ce, "Madam, injinki ya lalace. Mu nan kura muke kiransa." Jami'in ya buga mini hatimi yana dariya, ya ce in na ga zaki in gaishe shi.

Garwa gari ne mai zafi a bakin kogin Binuwai, kuma da Hausa za ka yi ciniki a kasuwa ba tare da wahala ba. An sauke mu a wani masauki na 'yan mishan. Ɗaki ɗaya aka ba mu da wata Selin daga kudancin ƙasar, mai fara'a, mai son magana. Tana ganina ta rungume ni ta sumbace ni a kumatu biyu. Na daskare kamar an kama ni da sata. A Zariya ko Mama ban taɓa yi wa haka ba, durƙuso ne da "ina kwana" a wuce wurin. Su kuma sun ga baƙon abu ranar da na durƙusa na gaida shugaban aikin, Dakta Marsel. Ya ɗauka wani abu ne ya faɗi a hannuna, ya sunkuya yana taya ni nema.

Da safe burodi suke ci, dogo kamar sandar makiyayi, mai ɓawon da ke yanka dasashi. Da rana akwai wata miyar shuwaka da gyaɗa da suke kira ndole, da rogo da aka naɗe a ganye, mai danƙo da tsami. Kwana uku ina turawa da ruwa, a na huɗu na nemi ƙari. Abin da ban saba da shi ba har na dawo shi ne yadda suke rufe ofis da tsakar rana, a zauna cin abinci kusan awa biyu, ɗalibi yana musu da malami da cokali a hannu. Na yi ta mamaki. A sashenmu in Dakta yana cin abinci, ko ƙofarsa ba ka ƙwanƙwasawa. Daga baya na gane musun nasu yana da iyaka. Ana yinsa a kan ƙwallo da siyasa.

An raba mana kyamarori. Aikinmu shi ne mu bi hotunan da injin ya sa wa suna, mu gyara inda ya yi kuskure, a ƙarshe kowa ya sa hannu cewa ya duba kuma ya amince. A cikin nawa akwai ta goma sha ɗaya, wadda ke bakin wani tafki a gefen gandun. Ranar da aka ba ni ita, Dakta Marsel ya ce na yi sa'a. A wannan tafkin injin ya gano babban garken ɓauna, a yankin da aka daɗe ba a ga ɓauna ba. Ya riga ya sanar da masu tallafa wa aikin, kuma za su zo a mako na uku su ji da kunnensu.

Da na buɗe hotunan sai na ga matsala. Wani gwaggon biri ya yi wasa da kyamarar tun makon farko, akwai hoton hancinsa ma, ya ja ta ƙasa har ta koma kallon gwiwa. Duk hotunan garken ƙafafu ne da ciki. Babu kai, babu ƙaho, babu baya. Da sassafe ko da magariba aka ɗauki yawancinsu, sun fito baƙi da fari, dishi-dishi. A ƙarƙashin kowanne an rubuta ɓauna, kuma injin ya nuna yana da tabbaci sosai.

Kwana biyu ina bin su ina amincewa. Wace ce ni? Amma wani abu yana damuna, na kasa gane shi, har sai da na jera hotunan yini guda a allo ɗaya. Ƙafafu manya, manya, manya. Hantsa a cike. Babu ƙaramar ƙafa ko ɗaya.

Ina yarinya nakan yi hutu wajen kakata a Zabi, kuma akwai rugar Fulani a bayan gonarta. Kowace safiya ni ake aike da ƙwarya in karɓo madara. Na sha tsayawa ina kallon maruƙa a ɗaure a dangwali, wato doguwar igiyar nan mai madaukai da ake jera su a ciki, suna kuka, iyayensu mata kuma an kora su kiwo. Na taɓa tambayar matar ardon dalilin wannan mugunta. Ta ce in maraƙi ya bi uwa, me za a tatsa? Kuma saniyar da ɗanta ke gida ba ta ɓata, da kanta take dawowa. Dabbar daji ba ta da mai ɗaure mata ɗa. Inda uwa mai nono ta sa ƙafa, nan ɗanta zai sa. Garken da ke da hantsa cike, ba maraƙi, garke ne da wani ya tatsa ko zai tatsa.

Na buɗe jerin sunayen da aka koya wa injin. Akwai giwa, akwai gwanki, akwai ɓauna, akwai mutum, akwai mota. Babu saniya. An koyar da shi ne da hotunan wasu gandaye masu shinge a wata ƙasa mai nisa, inda shanu ba sa shiga. Shi kuma irin wannan inji bai iya cewa ban sani ba. Duk abin da ka nuna masa, sai ya zaɓo mafi kusa a cikin sunayen da ya sani.

Na gaya wa Selin a ɗaki. Ta rufe ƙofa kafin ta amsa. Ta ce, "Rifkatu, kin zo gyara dajin Kamaru ne ko kin zo neman digiri? Sa hannu kawai. In ma kuskure ne, na inji ne." Na ce ai don kada a ce haka aka kawo mu. Ta ce, "Ku 'yan Najeriya, ko a gidan biki sai kun sami abin gyarawa."

Duk da haka ban yarda da kaina ba. Na roƙi a bar ni in bi motar da ke zuwa canja batura, na ce ina so in ga yadda ake ɗaure kyamara. Awa biyar muka yi a hanyar da ba ta cancanci sunan ba, ƙudan tsando suna cizona ta cikin riga. Mai nuna hanya wani dattijo ne, Baba Hamadjam, tsohon maharbi, siriri, Hausarsa tsaf. Da ya ji daga Zariya nake sai ya ce, "'Yar Zazzau! An ce ku kun fi kowa karatu, kun fi kowa gardama." Na ce ni ban gaji ta biyun ba. Ya ce, "Za mu gani."

A bakin tafkin na yi ta dube-dube a ƙasa, ina neman sawu, ina juya kashi da tsinke. Ya bar ni na gaji, sannan ya ce, "'Yata, ɗaga kanki." Na ɗaga. Itatuwan kawo da maɗaci duk an sassare musu rassa daga sama, saran adda, sabo da tsoho. Haka makiyaya ke yi da rani, su hau su saro ganye wa dabbobi. Ya ce, "Ɓaunar nan ta iya hawa itace, har da adda take yawo."

Na ce, "Baba, ashe ka sani?"

"Kowa a nan ya sani, ban da injin da mai injin."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Batura aka ɗauke ni in ɗauka. Wa ya tambaye ni?"

Na tambaye shi ko maganata za ta jawo wa masu shanun fitina, don wannan ya hana ni sukuni. Ya ce in an rubuta ɓauna, za a rufe tafkin a zuba masu gadi, a yi ta kama mutane ba tare da an san dalilin shigarsu ba. In an rubuta shanu, dole wani ya je ya zauna da ardo a yi maganar ruwa. Ya ce, "Ko wanne da zafi. Amma ɗaya gaskiya ce." Ban sani ba ko ya yi daidai. Ban san siyasar wurin ba, kuma ba zan yi kamar na sani ba.

Kwana biyu kafin baƙi su zo na shiga ofishin Dakta Marsel. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, na haddace, ina shiga na manta. Da Turanci muka yi, ina ta in'ina. Ya saurare ni har ƙarshe, ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai ladabi, kuma shekarunsa a wannan daji sun kusa shekaruna a duniya. Ya duba hotunan itatuwan ya ce makiyaya suna wucewa, an sani, wannan bai hana ɓauna zuwa ba. Ya ce injin nan ya gane dubban dabbobi daidai. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Ke, ɓauna nawa kika taɓa gani da idonki?"

Na ce, "Ko ɗaya, Sa. Amma na ga saniya."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Sai ya turo mini takardar ya ce to mu haɗu a tsakiya: in rubuta cewa mai yiwuwa ɓauna ce, in sa hannu, bayan baƙi sun tafi a gyara kyamarar a sake dubawa. Wanda ya san ni ya san babu kalmar da nake so kamar mai yiwuwa. Da ita na rubuta kundin digirina gaba ɗaya, har mai jarrabawa ya ce in rage. Na ɗauki biron. Sai na ga a nan ba shakka nake yi ba, aron shakka ake so in yi don wani ya jingina a kai. Na ajiye biron na ce zan sa hannu a kan sauran kyamarorina huɗu, wannan kuwa sai dai in rubuta shanu. Ya ce takardar ɗaya ce, ba a raba ta. Na ce to a bar gurbina haka. Na fito, na shiga banɗaki, na yi amai.

Ranar taron baƙin an zaunar da ni a baya. An nuna ƙafafun a babban allo, aka tafa. Wani ɗalibi ne ya sa hannu a madadina, ba zan faɗi ƙasarsa ba. An riƙe shi, an riƙe Selin. Ta yi kuka da za mu rabu, ta sumbace ni a kumatu biyu, wannan karon ban daskare ba. Ba na riƙe ta da komai. Tana da ƙanne biyar a bayanta.

Dawowa ba ta da labari sosai. Ruwan ya ragu, sai turawa aka yi da kwalekwalen. Na iso Sabon Gari da yamma, Mama ta dube ni ta ce na rame, ta ɗora tuwo. Da na ba ta labari sai ta ce, "Ke ɗin?"

Labari ya riga ni isa sashenmu. Dakta Bulus bai ce in zauna ba. Ya ce, "Na aike ki ki buɗe wa na bayanki ƙofa, kin je kin rufe ta da kwaɗo. Kin san shekara nawa na yi ina gina wannan hulɗa? A kan nonon saniya?"

Na ce, "Sa, ka duba hotunan."

"Ba hotuna nake magana ba! Ladabi nake magana."

Ya ce Dakta Marsel ya rubuto masa, kuma ya yi karamci: akwai yiwuwar gurbi na uku. In na aika da takardar ban haƙuri tare da sa hannuna kafin ranar Juma'a, za a manta da komai. Na ce zan yi tunani, kuma na yi. Na yi kwana uku ba na iya cin abinci. Na rubuta takardar sau shida. Wadda na aika wa Dakta Marsel gajeriya ce. Na ba da haƙuri idan muryata ta yi sama a ofishinsa, ko da yake ban ji ta yi ba. Na gode masa da masauki da abinci. Na roƙe shi ya ɗaga kyamara ta goma sha ɗaya zuwa tsayin ƙirji, ya ƙara saniya a jerin sunayen injin, ya kuma tambayi Baba Hamadjam. Ban haɗa da takardar sa hannun ba.

Zai yiwu akwai ɓauna a wancan daji, ina ma fatan akwai. Zai yiwu na yi wauta, na yar da damar da ba za ta dawo ba, kamar yadda wasu ƙawayena ke faɗa a bayan idona, wasu a gabansa. Zai yiwu shekara mai zuwa ku same ni ina koyar da lissafi a wata firamare a Palladan. Duk wannan ban sani ba. Amma aikinmu gaba ɗaya a kan abu ɗaya yake tsaye: inji yana koyo daga abin da mutum ya tabbatar masa. In na sa hannu, hotunan nan za su koma cikin darasinsa da sunana a kai, ya ƙara ƙwarewa a kuskure, gobe ya ga shanun wani a wani tafkin ya sake kiransu ɓauna da ƙarin tabbaci.

Ranar Juma'ar na hau babur zuwa wata ruga a hanyar Shika, da kyamarata a jaka. Na roƙi mai garken ya bar ni in ɗaure ta a turke, daidai gwiwa, a hanyar da shanunsa ke bi zuwa ruwa. Matarsa ta tsaya da ƙwarya a ka tana kallona, ta ce, "Ke kuwa baiwar Allah, ga fuska ga ƙaho, sai ƙafa za ki ɗauka?" Na ce akwai wanda nake koya wa, kuma ta ƙafa yake gani. Ta ce, "Allah ya ba shi lafiya."

Na zauna a inuwa har garken ya wuce ya dawo. Wayata tana cikin jaka, na ji ta yi ƙara sau uku, na san Dakta Bulus ne. Da la'asar na kwance kyamarar, na zauna a kan turmi na fara sa wa hotunan suna ɗaya bayan ɗaya. Saniya. Saniya. Saniya.

Yau Litinin, wa'adin ya wuce.